Mai Shaidar Haihuwar Falmata

Kara-Kara, Damagaram
Ranar Laraba

Zuwa ga Inna Husaina, a Arlit.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na durƙusa daga nesa ina gaishe ki gaisuwar ɗiya ga uwa. Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, Ya ƙara miki kwana masu albarka, amin. Ni ce Wasila, ɗiyar ƙanwarki. Na zaɓi rubutu ne don waya ba ta yi mana adalci: ni ina ta ihu daga nan, ke kina ta tambayar wa ke magana, har layi ya yanke. Na san Safiyanu ne zai karanta miki. Kai Safiyanu, ɗan'uwana, don Allah ka bi a hankali, kada ka tsallake layi irin na zamaninka na lekol, makarantar boko, kuma ka zauna ta wajen kunnenta na dama.

Mu nan lafiya lau, sai godiya. 'Yata Ilham ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a gidan, jiya har tulu ta kayar. Ƙanena Faruk yana nan yana koyarwa a Takieta, ya yi ƙiba, ya ƙara surutu. A ƙauyenmu na Dakusa damina ta yi kyau, gero ya cika rumbu, gyaɗa ce kawai ta ɗan ba da kunya. Iya kuwa, ƙanwar taki da kowa ke kira Gambo, tana can Dakusa, jikinta da sauƙi, tana cin abinci, tana kai kanta masallacin mata. Sai dai hankalinta ya fara yawo can baya, zamanin da ni ban sani ba. Maganarta ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kin san Iya da zaɓe. Tun ina yarinya, in ranar ta zo, sai ta fito da zanen saƙinta daga ƙasan adaka, ta turara shi, marigayi Baba Nomau ya ɗaura amalanke su tafi kamar masu zuwa biki. Ba ta taɓa gaya wa kowa wanda ta zaɓa ba, ko Baba ya gaji da tambaya ya bari. A lokacin ba a neman takarda a wurinta. Maigari da wani dattijo su ce sun san ta, shi ke nan, ta shiga. Ta dawo da tawada a yatsa, ta yi kwanaki tana kaffa-kaffa da shi wajen wanke-wanke kamar sabon lalle. Ni duk zatona tawadar take so. Sai bana ta gaya mini gaskiyar abin. Ta ce tun da aka kai ta ɗaki ba wanda ya sake kiran sunanta na yanka. A gari Gambo ce, wadda ta biyo tagwaye, a bakinmu Iya ce, a bakin jikoki Kaka. Ranar zaɓe kaɗai wani mutum ke ɗaga murya a gaban jama'a ya ce Falmata Alkasum. Ta ce in ta ji sunanta manne da na mahaifinku, sai ta ji kamar yana nan tsaye bayan ƙofa yana jiran ta fito. Wallahi Inna, da ta faɗi haka sai da na juya baya na share ido.

To bana abin ya sake. An kawo na'ura mai ɗaukar hoto da yatsu, aka ce ba wanda za a rubuta cikin masu zaɓe sai ya nuna takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa. Iya ba ta da ko ɗaya. Wa ya rubuta haihuwar 'ya mace a ƙauye a wancan zamani? Muka ɗauke ta zuwa Takieta, amalanke har bakin hanya, sannan mota, ƙashinta duk ya jijjigu. Muka tarar da tsofaffi jere a gindin katanga, inuwa na matsawa suna matsawa da ita. Akwai wanda ya bar girbinsa a gona, akwai wadda ta zo a ƙasa da sanda, ba ta ko karya ba. Ban ga mai takalmi mai kyau a layin nan ba, masu takalmi mai kyau sun daɗe da takardunsu. Malamin biro, wato ofishin rajistar, yaron kirki ne, har ruwa ya ba ta. Ya ce juji, wato alƙali, zai iya yi mata takarda, amma sai ta kawo shaidu biyu da suka girme ta, suka san haihuwarta, kuma kowannensu da katinsa a hannu.

Muka koma muka ɗauko maigari Ɗanƙarami, shi da yake da kati har da na ajiya. Da aka tambaye shi ko ya san haihuwarta, kafin ya buɗe baki Iya ta ce ai ita ta yanke masa cibi, ita ya kamata a tambaya tasa haihuwar. Biro duka aka kwashe da dariya, har ni, amma dariyar ba ta kai mu ko'ina ba. Muka zauna muna lissafa tsofaffin gari. Masu kati ba su ga haihuwarta ba, waɗanda suka gani kuwa ba su da kati, ko kuma suna kwance a maƙabarta. Mutum ɗaya muka samu, Alhaji Suma'ila na bakin rijiya, wanda ya yi takardu lokacin da zai tafi Makka. Ya ce yana tune da ranar sunanta sarai, don shi aka aika ya jawo ragon. Saura ɗaya.

Na yi faɗa da Faruk a kan wannan, faɗa sosai. Shi cewa yake dokar ta yi daidai, wai a da har matattu na jefa ƙuri'a, wani ya zaɓa a nan da safe ya zaɓa a gaba da yamma, kati ne kaɗai zai tsayar da wannan. Na ce masa ban musa ba, mushe malamin makaranta, ni ma ba na son maguɗi. Amma a wajen korar matattu kun haɗa da uwarka, ga ta nan da ranta tana tuƙa maka tuwo. Ya ce ai an turo juji har ƙauye don irinsu. Na ce to, jujin ya zo da shaidun a jakarsa? Da zai tafi na ga ya tsaya ya daɗe yana kallon Iya daga zaure, shi ma abin yana cin sa, bakin ne kawai.

Tun daga ranar Iya ta ƙara nisa. Da la'asar takan ja tabarma gindin gawon bayan gida, ta fuskanci arewa, ta yi ta magana a hankali, ba da ni ba, ba da kowa ba. Tana ba da labarin ranar da kika goya ta kuka fita kallon ayarin raƙuman gishiri, wai tana jin ƙamshin man shanun kitsonki, ƙararrawar raƙuma na tashi tana faɗuwa, har barci ya ɗauke ta a bayanki. Tana kiran marigayiya Hassana, abokiyar tagwaicinki, wai ta zo ta karɓe ki goyo kin gaji. Tana maganar wata tsamiya da kuke tsinka, wadda ni ban taɓa gani ba, ashe tun kafin a haife ni aka sare ta. Rannan ta dubi tafin hannunta ta daɗe, sannan ta tambaye ni, in duk duniya ba mutum biyu da suka ga zuwanta, anya ta zo kuwa, ko dai mafarkinta wani yake yi bai farka ba? Ba da kuka ta faɗa ba, murmushi ma take yi. Ni ce tsoro ya kama.

Inna, ke ce ta biyun. Kina da kati tun zamanin aikin marigayi mijinki, kuma ke kika fara ɗaukar ta kafin a yi mata wanka, ita ta gaya mini. Juji zai sake zama a Dakusa ranar kasuwar da ke bin Mauludi, daga nan kuma an ce za a rufe rubutun, sai wani zaɓen, in da rabon gani. Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. Na san hanyar Arlit, na san gwiwarki, na san kin girme ta ma. Kunya nake ji in tayar da tsohuwa ta ratsa hamada don kawai ta ce a gabana aka haife ta, maganar da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma na duba gabas da yamma ban ga wani ba. In kin yarda, Safiyanu ya sa ki a kar, babbar motar fasinja, ya rako ki, ni da Faruk za mu tarye ku a tasha, katifa da man zafi duk na tanada. In kuma jiki ya ƙi, wallahi ba mai ganin laifinki. Ban gaya mata na rubuto ba, kada ta zauna jiran hanya.

Ki gaishe mini da Safiyanu da matarsa Ummul Khairi, da Zakiyya amarya, da Dodo sarkin ƙiriniya, a ce masa alewar Damagaram na nan na ajiye. Faruk da maigidana suna gaisuwa, Alhaji Suma'ila ma ya ce a gaida abokiyar tsinkar tsamiya.

Abu ɗaya na bari sai ƙarshe, Safiyanu ka karanta shi da ƙarfi. Shekaranjiya ina Dakusa, muna zaune gindin gawon, ina tsince mata wake, sai maƙwabciyarmu ta ƙwala wa ƙaramar jikarta kira daga bayan danga, ita ma Falmata sunanta. Kafin yarinyar ta amsa, Iya ta riga ta. Ta ce na'am da wata murya siririya da ban taɓa ji a bakinta ba, ta miƙe ba sanda, ta gyara mayafi, ta miƙa yatsanta gaba tana jiran tawada. Ta daɗe a tsaye haka, Inna. Na rasa bakin da zan ce mata ba ita ake kira ba.

Ki zo ki gaya musu an haife ta.

Taki ɗiya mai jiran amsa,
Wasila Nomau