Ruwan da Ka Zuba Masa a Baki

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna da 'yan biyu. Allah ya sassauta maka ciwon gwiwar da Inna ta ce yana hana ka hawa bene. Mu nan alhamdu lillahi. Mama jiki da sauƙi, sai dai hawan jininta ba ya son mugun labari, shi ya sa abin da zan faɗa maka ban bari ta ji ba. Yara suna makaranta, ɗinki kuma yana tafiya. Takalmin gudun da ka aiko wa Auta ya iso, ya kuma yi masa daidai. Ni dai na so a ce bai yi ba.

Kawu, ka yi haƙuri, yau ba zan yi maka kara ba. Na zaɓi rubutu ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya, sai ka yi dariya ka ce mata ba su san dambe ba. Ka tuna lokacin da kake zaune da mu, yadda kake tada Auta da sassafe ka cika masa baki da ruwa, ka ce ya zagayo bayan tashar mota a guje, kada ya haɗiye kada ya zubar? Ka ce haka ɗan dambe ke koyon numfashi ta hanci, haka yake tara juriya. Kana tsaye a bakin ƙofa, sai ya dawo ka furta da bakinka cewa ya iso, sannan ya tofar a gabanka. Ranar da ya dawo baki wayam kuwa, a sake. Mu har dariya muke yi masa, kumatu a kumbure kamar mai hangum.

To, horonka ya karɓe shi, sai ka yi murna. Har yau bai fasa gudun safe ba, ga tsallen igiya, ga naushin buhun yashi har rigarsa ta jiƙe sharkaf. A gidan horon damben da yake zuwa Bango suke ce masa, don ba ya haki, ba ya faɗuwa. Kuma wannan juriyar ce ta cuce shi. Tunda kocinsu ya gane yana da wanda ba ya gajiya, bai ƙara maganar sa shi a gasa ba. Duk wanda ke da wasa a gabansa, a kan Auta yake gwada hannu. Wannan ya gaji ya sauka, wancan ya hau da sabon ƙarfi, shi kuwa yana nan a tsaye. Su suke ɗauko kofi, shi ya dawo mana da kumburarriyar fuska ina gasa masa da ruwan zafi.

A watan jiya na lura in zai zuba shayi sai ya zuba a gefen kofi. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likita ya ce idonsa na hagu ya taɓu daga ciki, aiki za a yi masa, kuma naushi ɗaya mai nauyi ya isa ya rufe idon har abada. Tun a harabar asibitin ya fara roƙona kada in gaya wa kowa, wai ɗan gaban goshin koci yana da babban wasa a wata mai zuwa, shi ne abokin gwajinsa, in an gama zai zo a yi aikin.

Ban yarda ba, na rufe shago na bi shi gidan horon. Wani tsohon sito ne, fanka ɗaya, warin gumi da roba kamar ya kada mutum. Na tsaya daga bakin igiya ina kallo ana jibgar ƙanena. In an buga ƙararrawar hutu, kowa sai ya cire robar haƙori ya kuskure baki ya tofar a bokiti. Da aka miƙo wa Auta bokitin sai ya girgiza kai. Kumatunsa a cike suke, Kawu, irin cikar nan da na sani. Ina gani maƙogwaronsa ya motsa. Jini ne, haɗiyewa ya yi, don ya san in aka ga ja a bokiti dole a tsayar da gwajin.

Na tari kocin na gaya masa maganar likita. Ko kallona bai yi ba, yana ɗaure wa yaronsa safar dambe ya ce shi bai ɗaure kowa ba, ranar da Bango ya buɗe baki ya ce ya gaji zai sauke shi. Ya faɗi haka ne don ya san ba zai taɓa buɗewa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

A hanyar gida na yi wa Auta tatas. Na ce ya girma, ya kusa ajiye iyali, wa yake so ya burge da ido ɗaya? Muka ci gaba da tafiya har muka kai ƙofar gida, ƙofar nan da kake tsayawa. Nan ya tsaya ya ce, “Yaya, ai Kawu bai ce na iso ba.”

Wallahi ina jin haushinka, Kawu, ba zan ɓoye ba. Kai ka bar dambe da idanunka biyu, ka tafi neman abincinka, ka bar yaro yana gudu. Duk wayar da za ka yi masa, maganarka ɗaya ce: ka daure, saura kaɗan. Ka koya masa riƙewa, ba ka tsaya ka nuna masa inda ake ajiyewa ba. Ni ba ya jin tawa, ba ya jin ta likita, Mama kuma in ta ji sai dai mu kwashe ta zuwa asibiti. Kada ka ƙara aiko takalmi. Ka kira shi kafin makon nan ya fita, kuma don Allah ban da wasa da dariya a ciki.

Ka gaida Inna, ka ce na ga atamfar, na gode. Ka shafa mini kan 'yan biyu. Mama tana gaishe ka, maigidana ma haka. Auta bai san na rubuto ba. Gobe da safe zai sa takalminka ya fita, bakinsa cike da ruwa. Kai ka zuba masa, Kawu, kai kaɗai za ka ce ya tofar.

Taka,
babbar 'yar ƙanwarka