Sitikar Kaka Evert

Zuwa ga Gwaggo Gunvor,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Kawu Sixten da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan ƙalau muke. Ƙanƙara ta sauka da wuri bana, tafki ya fara daskarewa. Baba yana wurin haƙar ma'adinai sai ƙarshen wata. Jarrabawata ta yi kyau, in ban da lissafi.

Maganar Kaka Evert ce ta sa na ɗauki biro, don a waya ba zan iya faɗa ba. Kin san shekara talatin da ɗaya shi yake kafa jajayen alamomi a hanyar baburan ƙanƙara, daga bayan coci har bukkarmu ta bakin tafki, shi ya sa ƙungiyar masu baburan ba ta taɓa karɓar kuɗin izinin bin hanyar a hannunsa ba. Bana sabon shugaba, Torgny mai gidan mai, ya ɗaga kuɗin sitikar izini daga kurona ɗari biyar zuwa dubu da ɗari biyu. Mutane suka yi fushi, da yawa suka ce ko baje-kolin babura da ake yi a birni ba za su je ba. Sai ga Torgny har gida, ya cinye burodin kirfa uku, ya roƙi Kaka aron tsohon babur ɗinsa mai ruwan ɗorawa, wai a ajiye a rumfar ƙungiya ya jawo 'yan kallo. Kwana uku Kaka yana goge shi. Ranar baje-kolin ya sa rigar sanyin da marigayiya Kaka Märta ta saƙa masa. Ni aka ba teburin sayar da sitika.

Har rana ta yi tsaka babu kowa, mai gasa nama ma gyangyaɗi yake. Sai Torgny ya ɗauki lasifika, ya ce jama'a su zo su ga kayan tarihi guda biyu, babur da mai shi, kuma dukansu ba su da takardar izini. Ya ce an soke kyauta tun bazara, tsoho ya isa haka da cin bulus. Nan da nan mutane suka taru, wani saurayi ya tambaya, tsakanin su biyun wa ya fi wuyar tashi da safe. Gwaggo, aka yi ta dariya, ana ɗaukar hoto. Torgny ya sunkuyo ya ce mini in gyara zama, kasuwa ta buɗe.

Sai Kaka ya taso. Ya shiga layi kamar kowa, ya biya, ya ce ni 'yar boko in rubuta sunansa da kyau. Na rubuta. Ban buɗe baki na kare shi ba. Mama ta ce haƙuri na yi, amma ni na san tsoro ne. Kafin yamma ya sayar da babur ɗin ga wani mutumin kudu mai tara tsofaffin kaya, muka dawo a motar haya, ya saka mini sitikar a aljihu. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta.

Shekaranjiya Torgny ya aiko yana tambaya yaushe za a kafa alamomi, tunda ƙanƙara ta kwanta. Na ɗauka Kaka zai ƙi. Jiya da safe sai na gan shi ya ɗaura sanduna a baya, ya fita a ƙafa, da shekarunsa saba'in da takwas. Ya ce in babu alama wani zai faɗa tafki, ruwa kuma bai san wanda ya yi dariya ba. Saura kilomita goma sha ɗaya. Don Allah ki kira shi, ke kaɗai yake jin maganarki, amma kar ki ce ni na faɗa.

Ki gaida Kawu Sixten da Malte da ƙaramar Idun. Ga sitikar nan na sa miki a ciki, don ba na iya kallon rubutuna.

Taki 'yarki,
Tuva