Tsutsar Idon Baban Ummi

Daren Talata, unguwar Awendjé

Da safe na sake ganin tsutsar nan tana ratsa farin idon maigidana, siririya kamar zare. Tun da Baban Ummi ya fara kai kaya garuruwan daji ya kwaso ta.

Na matsa masa muka je asibiti. Likita ta ce akwai maganin da ke kashe 'ya'yan tsutsar a cikin jini, amma in suna da yawa suka mutu lokaci ɗaya, sukan taɓa ƙwaƙwalwa, mutum ya suma, wani ma ba ya farfaɗowa. Sai an ɗebi jininsa gobe an ga yawansu, sannan ta ce ya sha ko kada ya sha.

Da la'asar sai ga Alhaji maƙwabcinmu da ƙwayoyin maganin a leda. "Haba Malam, wannan fa can gida ƙasarmu kyauta ake rabawa! Da sanda ake auna tsayinka a miƙa maka. Mu nawa muka sha?"

Na ce a garinmu ai babu irin wannan tsutsar. Dariya ya yi mini.

Baban Ummi ya ce ba zai sha ba. Ɗazu na ɗauki rigarsa zan rataye, ledar ta faɗo, babu komai a ciki.

Yana barci. Na tashe shi na tambaye shi sunana, ya faɗa, har da tsaki. Ya Allah, ban taɓa jin daɗin tsaki ba sai yau. An jima zan sake tashinsa.