Yadda Na Yanka Zafi Gida Huɗu

Litinin, 5 ga Mayu

Bari tarihi ya shaida, bari 'yan baya su ji su yi juyayi: a yau da hantsi an rage wa kujerata tsawo. Na shigo ofis cikin natsuwar wanda ya san darajar kansa, na zauna, sai na ji ina ta nitsewa kamar guga a rijiya, har haɓata ta kusa gaisawa da tebur. Dauloli sun rushe a kan abin da bai kai wannan ba.

Na gudanar da bincike. Mai laifin ita ce sabuwar da aka turo mana daga ma'aikatar lafiya, wadda daga yau na raɗa wa suna Likitar Gumi, domin ba ta da zance sai na zafi. Wai ta ɗan zauna ne ta buga takarda. "Ƙafata ba ta kai ƙasa, Malam Ambaliya." Haka ta kira ni. Sunan da ake kirana da shi a bayan ido, ita ta kawo shi gaban ido, ko kunya babu.

Laraba, 7 ga Mayu

Domin amfanin wanda zai tsinci littafin nan bayan raina, ga abin da ake faɗa a kai. Muna haɗa rahoton ƙasa kan haɗurran da sauyin yanayi zai jawo. Rahoton zai yi kaurin bulo, amma Minista shafi ɗaya yake karantawa, shi ma a mota. Shafin nan haɗari biyar kawai yake ɗauka. Wanda ya hau shi za a yi wa tanadi a shirin shekara biyar mai zuwa. Wanda bai hau ba sai ya tafi rataye a ƙarshen rahoton, wato maƙabartar da muke binne abin da ba mu so a ce mun zubar.

Yadda ake zaɓe kuwa: a tara masana a zaure, a rubuta kowane haɗari a kati a kafa a bango, a ba kowa jar sitika uku ya manna inda ya fi jin tsoro. Kimiyya ke nan, mai gam a bayanta. Mai rubuta katunan shi ne babban mai nazari. Wato ni.

Tun da aka fara fitar da irin rahoton nan ambaliya ce ke zuwa ta ɗaya, kuma ni ne ubanta. Yau a taro sai ga Likitar Gumi tana neman gadon sarautar. Wai ambaliya a gaban kyamara take kisa, zafi kuwa bin mutum yake har gado, a takardar asibiti a rubuta zuciya ko ƙoda. Na gyara zama na ce, "Likita, ruwa ya taɓa cinye duniya sukutum. Ban karanta labarin al'ummar da gumi ya halaka ba." Mutum biyu sun yi dariya, na lura da su don gaba. Ita kuwa ko gezau. Ta ce, "Ba ka karanta ba don irinka ne ke rubutawa."

Juma'a, 9 ga Mayu

Tana cin gyaɗa a taro. Mai ɓawo.

Talata, 13 ga Mayu

Na rubuta katunan. Da na zo kan zafi, sai lamirina na masani ya motsa. Shin zafin da ke damun ɗalibi a aji shi ne wanda ke damun lebura a saman gini? A'a. Na majinyaci a asibiti shi ne na tsohuwa a ɗakin kwano? Ko kusa. Malaman da suka gabace mu sun yi dogon gargaɗi a kan cuɗa abubuwan da suka bambanta, ni kuwa ba zan saɓa wa magabata don faranta ran mai cin gyaɗa ba. Saboda haka na raba shi gida huɗu: zafi da makarantu, zafi da leburori, zafi da asibitoci, zafi da tsofaffi. Kowanne da katinsa, da kyakkyawan rubutu.

Ambaliya kati ɗaya. Ruwa ai ruwa ne.

Sitika uku a hannu, kati huɗu a bango. Ni dai ban ce komai ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Nasara! A rubuta da babban baƙi.

Masana sun hallara da jakunkunansu da tumbinsu. Masu tsoron zafi suna da yawa, fiye da yadda na zata, amma sai suka tsaya cirko-cirko a gaban katunan nan huɗu kamar uba mai 'ya'ya huɗu da alewa uku. Wannan ya tausaya wa tsofaffi, wancan ya tuna da ɗalibai, wata ta manna ta ɓamɓare ta sake mannawa har gam ya mutu. Jama'ata kuwa suka nufi kati ɗaya kamar sahun salla.

Ambaliya ta ɗaya. Sai fari, sai zaizayar ƙasa, sai ƙwarin amfanin gona. Na biyar narkewar kwalta a manyan tituna, domin injiniyoyin hanya sun zo da yawa, kuma su ba sa raba kai. Katunan zafi suka jeru a ƙasa kamar marayu. Duka huɗun rataye.

Na sha shayi kofi biyu don girmama ranar.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ta zo ta tsaya a kaina ba sallama.

"Kwalta ta hau, mutum bai hau ba. Ka ji daɗi?"

Na ce ra'ayin masana ne, ni wane ne.

"Ka yanka saniyata gida huɗu, ka ɗora kowace ƙafa a sikeli ita kaɗai, sannan ka yi shela akuyarka ta fi nauyi."

Na sanar da ita cewa a ilimi wannan shi ake kira rarrabewa. Ta ce a gidansu sunansa daban. Ta kai ƙara wurin Darakta, ya ce an rufe zaɓe. Ta fito idonta ya yi ja, ta wuce. Ba kuka ba ne, ina kyautata zaton barkono ne a gyaɗar.

Litinin, 19 ga Mayu

An ci mutuncina, kuma da yabo aka ci shi.

Darakta ya kira ni, ya rufe ƙofa, yana murmushin nan nasa na mai sayar da tsohuwar mota. "Malam, ka iya aiki. Ambaliya tana da gada, tana da magudana, tana da abin da Minista zai je ya yanke ƙyalle. Zafi fa? Me za a buɗe? Inuwa?" Ya yi dariya har da buga tebur. Sannan ya dafa kafaɗata, da hannun da bai taɓa buɗe rahoto ya wuce shafi na uku ba. "Nan gaba in wani abu ya dame mu, sai ka sake yi mana irin yankan nan. Kai ne mahaucinmu."

Mahauci! Ni da na ƙone idona a kan taswirar koguna tun yana neman wanda zai rubuta masa jarrabawa. Ni na yi abin da na yi ne don ilimi, da ɗan abin da ba a rasa ba na ƙiyayya mai tsafta. Shi kuwa ya ɗauka irinsa ne ni.

Asabar, 24 ga Mayu

Uwar yara ta ƙwace mini Asabar. "Baban yara, ka kai ƙanena asibiti, mai kai shi ya yi tafiya. Kuma kada ka yi masa lacca a hanya." Ƙanen nata birkila ne, bai kai arba'in ba, an fara yi masa wankin ƙoda. Na san da zancen, kamar yadda nake sanin abubuwan gida, wato daga nesa.

Ya rame, amma bakin yana nan. "Yaya, har yanzu kana nan kana auna ruwan sama da cokali gwamnati na biyanka?" Na ce da ya tsaya a makaranta da ya san cokalin ma sai da digiri. Ya ce da ya tsaya da wa zai gina mini katangar da na ƙi biya.

Ɗakin wankin dogo ne, injuna suna ta ƙugi. Na zaci tsofaffi zan gani. Yawancinsu sa'o'insa ne, hannuwa duk kanta, babu mai furfura sai ni. Don in cika shiru na tambaye shi ko yana shan ruwa a wurin aiki. Ya dube ni kamar na tambaye shi ko yana da jirgi. "A saman bene? In ka sha sai fitsari, in ka sauko ɗan kwangila ya ce ka yi rabin yini. Sai dai ka haɗiye yawu zuwa la'asar."

Na tare likitan ɗakin na tambaye shi ko zafi ne. Ya ce ba wanda zai rantse a kan mutum ɗaya, akwai hawan jini, akwai magungunan da suke sha barkatai. Na ji sanyi a raina. Sai ya ƙara da cewa amma shi dai leburori yake ta gani. Ban tambaye shi wannan ba. Likitoci ba su san inda ake tsayawa ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Tambaya ce ta fasaha kawai, babu ruwanta da tausayi: a wane kati zan sa shi? Da yana lebura. Yanzu yana asibiti. Surukata tana ɗakin kwano a bayan gidansa, tana yi masa fifita ita da ya kamata a yi wa.

Uwar yara ta ce me nake ƙunƙuni. Na ce aiki. Ta ce, "Allah Ya sa na kirki ne."

Talata, 27 ga Mayu

Taron tabbatar da shafin farko. Darakta ya ce in babu gyara a sa hannu. Na miƙe, na gyara wuyan riga.

"Ranka ya daɗe, an sami kuskuren lissafi. Ƙa'ida ta ce haɗurran da sanadinsu ɗaya ne a ƙirga su tare. Katunan zafi huɗu sanadinsu ɗaya."

Murmushin ya bushe a fuskarsa. "Wa ya yi kuskuren?"

"Sashen rubuta kati."

"Ai kai ne sashen."

"Za a ja masa kunne, ranka ya daɗe."

Injiniyoyin hanya suka yi caa, wai an rufe zaɓe. Na ce ban buɗe zaɓe ba, tarawa na yi, kuma duk wanda ke da ja a kan tarawa ya koma wurin malaminsa na firamare. Aka haɗa sitikun a gaban kowa. Zafi ya zo na ɗaya. Ambaliya ta biyu, karo na farko a tarihi, a hannun ubanta. Kwalta ta tafi rataye, Allah Ya ji ƙanta.

Kafin la'asar takarda ta iso: ba ni zan gabatar da rahoto gaban Minista ba, wai a bar ni in huta. Na riga na kai babbar rigata wanki.

A sani: ba don ita na yi ba. Na yi ne don in ɓata wa Darakta rai, kuma ya ɓaci.

Laraba, 28 ga Mayu

Ba ta yi godiya ba. Da ma ban sa rai ba, kodayake na bar ƙofata a buɗe. Da ta shigo cewa ta yi, "Ta biyu ma ba laifi." Sannan ta ajiye mini sakin layin da za a sa a shafin farko, wai in duba, tunda an ce na san nahawu.

Jimlolinta kamar an zubo tsakuwa daga tifa. Na gyara. Na ce a sa hutun tsakar rana da ruwan sha a wuraren gini a layin farko, domin Minista ba ya kai na uku. Ta ce Darakta zai ce babu abin yanke ƙyalle. Sannan ta ce to sai a ɗaura wa randar ruwan ƙyallen.

Na yi dariya. A fili, haƙora waje, masinja yana kallo.

Kotun lamirina ta zauna nan take, ta same ni da laifin yin dariya ga barkwancin abokiyar gaba a lokacin aiki. Hukunci: gobe shayi ba sukari. Wanda ake tuhuma ya ɗaukaka ƙara, an mayar da tarar rabin cokali.