Jikina Ne Yake Yaƙar Zuriyata

Tambuwal, daren Laraba, watan Safar

Na dawo daga asibiti a Sakkwato. Likita ya ce rashin haihuwarmu daga wurina yake. Garkuwar jikina ce ta ɗauki maniyyina abokin gaba, tana yaƙar sa. Ni da nake karanta kowace ƙasidar lafiya da ta shigo garin nan, ban taɓa cin karo da wannan ba. Na tambaye shi batun gyaran ƙwayoyin gado da na karanta. Ya ce bincike ne, bai kai ga irina ba tukuna.

Shekara da shekaru matata Hajara tana shan saiwoyi masu ɗaci da mahaifiyata take aikowa daga Kebbe, ana yi mata gori a gidajen suna.

Bayan isha'i ta ce, "Malam, mi likita yac ce?"

Na gaya mata duka.

"Kada Inna ta jiya," in ji ta. "Bari su ci gaba da cewa ni ta. Na saba."

Ya kamata in ƙi. Allah ya gafarta mini, sanyi na ji a raina.