Ambulan Bakwai a Durowar Malam

Litinin, 3 ga Maris

Duk wanda ya buɗe littafin nan ya rufe shi, ya mayar inda ya gan shi. Da ke nake musamman, Auta. Karanta abin da ba a rubuta dominka ba sata ne, ko da ba ka ɗauki komai ba.

Na dawo daga kasuwa na tarar da ita a falo, ko kayan aikinta na asibiti ba ta cire ba, tana karanta takarda. Ambulan a yage a kan tebur, sunan babanta a jiki. Shekara biyu da rasuwar Malam, duk takardar da ta zo da sunansa durowarsa nake sakawa. Haka aka rene ni, haka na reni 'ya'yana: ba a buɗe takardar wani. Na yi mata faɗa sosai. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Mama, daga ƙaramar hukuma ne, harajin gida. In ba a je ba kafin ƙarshen wata za su kai maganar kotu, kuma ana iya rufe gidan."

Na ce ko daga ina ne, ba sunanta ba ne a jiki.

Talata, 4 ga Maris

Gaisuwa kawai na amsa mata yau. Ta san dalili.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kira lambar da ke ƙasan takardar. Wata murya ta ce danna ɗaya, danna uku, sannan aka saka mini kiɗa har katina ya ƙare. A karo na biyu wani mutum ya ɗauka, ya ce in ba mai gidan waya. Na ce ya rasu. Ya yi mini ta'aziyya cikin ladabi, ya ce amma a na'urarsu yana nan da ransa, kuma ba sa faɗa wa wani bayanin wani. Sai dai in zo da kaina.

Na ji daɗin amsar, har na ce wannan an yi masa tarbiyya a gidansu. Sai da na ajiye wayar na lura ban samu komai ba.

Asabar, 8 ga Maris

Muna shanya, Auta ta ce, "To Mama, in ke ba za ki buɗe ba, ni ma ba zan buɗe ba, wa zai buɗe? Dawowa zai yi?"

Bakin 'ya'yan yanzu. Ta ga fuskata ta ce in yi haƙuri. Na ce ta matse zanen da kyau, yana ɗiga.

Litinin, 10 ga Maris

Na je ofishin. Benci huɗu, fanka ɗaya mai kuka, jama'a kamar ana rabon kyauta. Wani dattijo ya so ya shige gabana, na tuna masa cewa furfura ba lambar layi ba ce. Taga ta biyu ta tura ni ta biyar, ta biyar ta tafi cin abinci. Na jira.

Da ta dawo, mace ce mai gilashi, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Na zaro ambulan ɗin durowar Malam daga jaka, bakwai, ɗaure da roba, na miƙa mata. Ta juya su tana duba bakin kowanne.

"Mama, ɗaya kawai aka buɗe?"

"Shi ma ba da izinina ba. Ba sunana ba ne a jiki."

"To ai ni ma ba sunana ba ne." Ta turo mini su ta ƙarƙashin taga. "Ke ce matarsa. Bismillah."

A tsaye, a gaban mutane, na buɗe su da makullin gida. Na farko cewa ya yi in mai gida ya rasu a sanar da su, a sauya suna, har da rangwame ake yi. Sauran kuwa tunatarwa ce, kowace ta fi ta baya zafi, tara tana hawa kan tara. Da na buɗe na farkon nan tun lokacin...

Ta ba ni fom. Ta ce in kawo takardar shaidar mutuwa, in kuma rubuta wa shugabansu dalilin jinkiri, wataƙila ya sassauta. "Ki faɗi gaskiya kawai, Mama. Ya gaji da labarin ɓera ya cinye takarda."

Ni ake koya wa faɗin gaskiya. To.

Laraba, 12 ga Maris

Wasiƙa uku na rubuta. A ta farko na ɗora wa mai kawo wasiƙu laifi, na yaga, ƙarya ce. A ta biyu na yi bayanin tarbiyya shafi guda, na karanta na ga ba abin da aka tambaye ni ba ne. Ta ukun layi huɗu ce. Na ce takardun suna zuwa da sunan mijina, ni kuma ban so su daina zuwa da shi ba. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ban goge ba.

Fom ɗin ba wuya, sai layin farko: sunan mai gida. Shayina ya huce ina kallon layin. Auta ta shigo, ta ɗauki kofin, ta kawo mai zafi, ta fita. Na rubuta.

Juma'a, 14 ga Maris

Na kai. Mai gilashi ta karanta wasiƙar, ta buga hatimi, ba ta ɗago ta kalle ni ba. Na gode mata da hakan.

Alhamis, 27 ga Maris

Amsa ta zo. Tun safe take kan tebur, Auta ta wuce ta sau nawa ba ta taɓa ba, har na dawo daga dubiya. Sunana ne a jiki, an ma rubuta shi daidai. Na daɗe ina riƙe da ita.

An janye maganar kotu. An yafe tarar, sauran kuma zan riƙa biya wata-wata. Alhamdu lillahi, gidan yana nan.

Ban ce Auta ta yi daidai ba, kuma ba zan ce ba. Na dai ɗinka mata maɓallin rigar aikinta da ya fita, ta gani ta yi murmushi, na ce mene ne abin dariya.

Bayan cin abinci na zaunar da ita, na kira yayyenta a waya su ma su ji. Daga yau, duk takardar da ta shigo gidan nan da tambarin hukuma ba za ta kwana a rufe ba. Wanda ya karɓa shi zai buɗe, a kan tebur, ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. In kuma wata ta ƙara zuwa da sunan Malam, kada wanda ya taɓa. A kawo mini, ni zan buɗe.