Muryar Mahaifiyarsa Tana Cikin Kaset Ɗin Babanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya fi ƙarfina.

Marigayi babanmu malamin firamare ne, ya koyar a ƙauyukan Ruma da Tsaskiya. Yana da rikoda da yake yawo da ita a keke, duk inda ya ji mata na waƙar daka ko niƙa, ko maharba na kirari, ko an yi biki a ruga, sai ya nemi izini ya ɗauka. Da ya rasu muka tarar da akwati cike da kasa-kasai, wasu har sun fara lalacewa. Na kai Katsina aka juye mini a waya, na riƙa sa su a shafina kowa ya ji. Yawancin ƙauyukan nan yanzu kufai ne. Akwai wata tsohuwa da ke gudun hijira a Batsari, da ta ji muryar yayarta sai da aka rirriƙe ta.

Satin da ya wuce wani mutum ya kira ni da baƙuwar lamba. Ya gaishe ni a natse, ya tambayi yarana, kowa da sunansa. Ina jin ƙarar babura a bayansa. Ya ce waƙar tatsar nono da na sa ta mahaifiyarsa ce, jaririn da ke kuka a ciki shi ne, kuma ta ambaci sunansa da na kakanninsa.

"Malam, ka sauke ta daga shafinka, ka kawo mini kaset ɗin da hannunka."

Ya faɗi wani wuri a dajin bayan Ruma da ba mai zuwa yanzu.

Yayana ya ce in goge shafin, in ƙona akwatin gaba ɗaya, har muka yi sa-in-sa, wai ina wasa da ran yara saboda waƙa. Matata ta kwashe su zuwa gidansu a Safana. Ni dai na sauke waccan ɗin, amma an riga an tura ta ko'ina.

Jiya ya sake kira. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya ji waƙar a wayar wani da suke riƙe da shi.

In kai masa? In ƙona, muryoyin mutanen nan su tafi ke nan? In na sanar da hukuma, shi ya san ƙofar gidana. Ya ce yana jirana kafin Juma'a. Ya zan yi?